Tambayar da Na Kai wa Barira a Ƙasar Lemu

Tun da na dawo ba ni da sakat a rumfar mai shayi ta bakin tashar Agiye. Duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Issufu Mai Lemu, yaya kudu?" Na ba da labarin gutsi-gutsi har na gaji, kuma na lura kowa wurin dariyar yake ɗauka ya bar sauran. Shi ya sa na sayi kaye, wato littafin rubutu, na zauna in rubuta shi tun daga farko. Shekara huɗu kawai na yi a lakol, makarantar boko, a yi haƙuri da rubutun.

Ba yawon buɗe ido na je ba, don haka sai na fara da abin da ya tada ni. Sama da shekara talatin ina saida lemu a tasha. Kun san yadda muke yi: a ɗauki reza a fere ɓawon sama siriri, ana juya lemun a hannu har ya sauko kamar igiya, a bar farin a jiki, a yanke kai, mai saye ya tsotse ya yar. Ni ba na zubar da abin da na fere. Ina shanya shi bisa kwanon rumfa, in daka, in ƙulla a leda, in ce maganin mura ne, maganin zazzaɓi ne, yana ƙarfafa jiki. Wani tsoho ya faɗa mini haka ina saurayi, ni kuma na ƙara nawa a kai.

Wata bazara sanƙarau ya shigo ƙasarmu. Na je ganin gida a ƙauyenmu kusa da Cadakori, na tarar da Lawali, ɗan ƙanena Mahaman, kwance, wuya ya ƙage. Shekararsa shida. Mahaman ya riga ya ɗaura wa sa amalanke za su likita Gidan Rumji. Na ce ya kwance san. Na ce ga magani a aljihuna, a kan me za a kai yaro a yi ta soka masa allura. Ni ne babba, bai musa mini ba. Kwana uku muna dafa garin muna ɗura wa yaron. Rana ta huɗu uwarsa ta goya shi ta kama hanya da ƙafa, ba ta nemi iznin kowa ba. Ya rayu, amma kunnuwansa sun tafi. Tun daga nan gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da Mahaman. Na daina ƙulla garin, amma ban taɓa buɗe baki na ce na yi laifi ba. In maganar ta taso sai in ce ƙaddara ce.

Bara wani saƙon murya ya fara yawo a salula, wai masana sun gano ɓawon lemu yana ƙara garkuwar jiki. Mutane suka fara zuwa suna cewa ashe na riga Turawa sani. Wasu mata suka ce in sake daka musu kafin zafi ya shigo, su ajiye saboda yara. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na daka kwano guda, amma hannuna ya kasa ƙullawa. Sai na tuna da Barira, yayar Lawali, wadda karatu ya kai nesa. Tana wata jami'a a Makurdi, jihar Binuwai inda lemunmu ke fitowa, tare da mijinta, kuma an ce aikinta a kan ɓawon lemu ne. Na ƙunshe garin da na daka, na ce zan je da ƙafata ta faɗa mini. In magani ne, to ban cuci yaron ba, zan ba matan nan, in kuma je wa Mahaman da kaina a sama. Abin da nake so in ji ke nan.

Na-Allah ya ɗauke ni, wani Bagobiri na Gidan Rumji mai babbar mota, wanda ke kai wake da aya kudu ya dawo da lemu. Da na hau gaba a Maradi ya dube ni ya ce, "Baba Issufu, shekara nawa ina kawo maka lemu, yau kai za ka tahi ka gaida uwatai. Mi kaka ɓoye cikin wanga ƙunshi?"

Na ce, "Kai dai tuƙa."

"In abin ci ne, a raba. In asiri ne, ka zauna baya bisa wake."

Mun wuce Ɗan Isa, bakin iyaka ta ɓangarenmu, lafiya. A ɓangaren Jibiya ne wani ma'aikaci ya karɓi kat dantitena, katin shaidar ɗan ƙasa, ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce, "Baba, na ɗanka ka ɗauko?" Na ce ni ne, kafin furfura. Ya buɗe jakata ya ciro ƙunshin gari, fuskarsa ta canja. Ya kira abokinsa.

"Mene ne wannan?"

"Ɓawon lemu."

"Ina za ka kai shi?"

"Binuwai."

"Kana ɗauke da ɓawon lemu daga Nijar za ka kai Binuwai?"

Ya kwance bakin ledar ya kai hanci ya ja da ƙarfi. Atishawa ta kama shi, ɗaya bayan ɗaya, har hularsa ta faɗi. Abokin ya riƙe ciki yana dariya, ya miƙo mini kayana ya ce in tafi kafin in kashe musu mutum.

Kwana uku muka yi a hanya: Katsina, Funtuwa, Zariya, Kaduna, sannan muka gangara. Inda muka tsaya, tabarma ce a gindin mota tare da sauran direbobi. Ɗan Faransancina bai yi mini amfanin komai ba, amma Hausa ta kai ni har can, ko da a bakin wasu tana fitowa a karkace. Kusa da Akwanga taya ta fashe, muka yini a bakin hanya. Wata mata mai gasa doya ta ba ni benci, ta zuba mini manja da barkono a ɗan kwano, ta tambaye ni ko gaskiya ne a ƙasarmu yashi na binne gidaje. Na ce ba a Agiye ba. Ba ta yarda ba.

A wurin nan na ga abin da ya tsaya mini a rai. Ciyawa ce ta fi tsawon mutum, iyakar ganin ido, wasu mutane suna cinna mata wuta. Na miƙe tsaye na ce wa Na-Allah, "Wa zai hana su?" Ya ce sharar gona suke yi. Na tuna yadda ake ɓata zumunci a wurinmu a kan damin kara, da yadda makiyaya ke bin bayan girbi suna tsintar abin da ya faɗi. Na daɗe ina kallon hayaƙin.

Sai kogin. Ni da nake ganin gulbin Maradi ruwa ne in ya kawo da damina. Muka hau gadar Makurdi, na leƙa, na ga ruwa ya shimfiɗe kamar sararin sama ya sauko, jirage a kai ƙanana kamar ɓawon gyaɗa, kuma wai rani ne, wai ya janye. Na fara salati ban sani ba. Na-Allah ya ce, "Ka rage kaɗan, Baba, saura dawowa."

Barira ta tarbe ni a tasha. Rabona da ita tun tana ƴar lakol. Ta durƙusa ta ce, "Baba, kun zo lafiya? Yaya gajiyar hanya?" Ta yi duk abin da ɗiya ke yi wa uba, ruwan wanka, shimfiɗa, goro, amma ba ta haɗa ido da ni ba. Aka kawo sakwara da miyar agushi. Na gutsura na yi ta taunawa, abu ya ƙi ƙarewa, ya manne mini a dasashi. Mijinta, wani Bakatsine mai fara'a, ya ce, "Baba, ba a tauna ta, haɗiyewa ake yi." Na ce a wurinmu akuya ma sai ta tauna. A nan ne na fara jin dariyar Barira.

Na so in yi tambayata a ranar, ta ce in huta, gobe za ta gonar da take samo lemun aikinta, in raka ta.

Gonar wani Batibi ce, Terna, wajen Gboko, dattijo gajere mai Hausa tsaf don ya yi zaman Kano. Ni da na tsufa ina lallaɓa lemu ɗai-ɗai, ina goge shi da tsumma, ina juya gefen da ya taɓu ya koma ƙasa, sai ga ni tsaye cikin itatuwa layi-layi ba iyaka, rassa sun sunkuyo don nauyi. Ƙasa ma lemu ne zube, wani ya ruɓe, wani lafiyarsa lau. Ban san lokacin da na duƙa na fara cika aljihu ba. Terna ya ce, "Alhaji, bar na ƙasa, na aladu ne." Na zubar da sauri, na goge hannu a riga. Ya ce su ba sa ƙirga lemu, itace guda ake saidawa da duk abin da ke kansa.

A ƙofar ɗakinsa na ga wani dakali na siminti, na nufe shi zan zauna. Barira ta riƙe mini hannun riga ta ce kabari ne. Na ja da baya. Terna ya ce, "Zauna abinka, babana ne, ba ya faɗa. Shi ya dasa rabin gonar nan." Mu muna kai namu bayan gari mu dawo, su nasu yana tsakar gida ana shanya barkono kusa da shi. Ban zauna ba, amma na yi ta tunanin abin.

Don in rama kunyar aladu, na ciro rezata na fere lemu guda, ɓawon ya sauko bai tsinke ba tun daga kai har gindi. Matan gidan suka taru suna tafi, aka miƙo mini wani, na sake. Barira ba ta yi tafi ba. Ta ɗauki igiyar ɓawon ta sa a takarda, ta jira Terna ya tsotse lemun, ta karɓi farin da ya rage ta sa a wata takardar.

Washegari ta kai ni wurin aikinta. Aka sa ni wanke hannu, aka ba ni farar riga, ɗakin sanyi kamar cikin randa. Ta nuna mini yadda suke yi. A inuwa suke busar da ɓawon, su niƙa, su jiƙa shi cikin wani ruwa mai warin asibiti, su tace, su bar ruwan ya tashi, sai a samu ɗan abu mai danƙo a gindin kwalba, bai kai cokali ba. Ta faɗi sunayen abubuwan da ke ciki, dogaye, ko ɗaya bai zauna mini ba.

Ta ce, "Baba, kun taɓa ganin garkuwar jikin da ake faɗa?"

Na ce, "Ana ganinta?"

Ta soki ɗan yatsana, ta shafa ɗigon jinin a gilashi, ta zuba masa launi, ta sa ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Na kafa ido ɗaya ban ga komai ba sai gashin idona. Ta gyara mini. Sai ga su. Jinin da nake zaton ruwa ne ja, ashe taro ne, ƙananan abubuwa zagaye-zagaye kamar an watsa gero a faifai, ba su ƙirguwa. Tsakaninsu, nan da can, akwai wasu manya masu shuɗin ciki. Ta ce waɗannan su ne masu tsaro. Ta kunna mini wani hoto mai motsi a na'urarta, na ga ɗaya daga cikinsu yana bin ƙwayar cuta, tana zillewa yana bi, ya miƙa jiki ya kewaye ta ya haɗiye. Ba ido, ba ƙafa, ba wanda ya aike shi. Na ce ta sake. Ta sake har sau uku. Na zauna bisa kujera. Kusan shekara saba'in waɗannan bayin Allah suna yaƙi a jikina, ina barci suna yi, ina saɓo suna yi, ban taɓa sanin da su ba balle in yi musu sannu.

Da na dawo hayyacina na ce, "To, ɓawon lemu yana taimakonsu?"

Ta ce akwai abu a cikinsa, ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. In an ɗiga kaɗan a kan masu tsaron nan cikin kwanon gwaji, wani lokaci yakan kwantar da su in sun yi zafin da ke kawo kumburi, wani lokaci yakan sa su ƙara kuzari. In ya yi yawa kuma sai ya kashe su. Ta ce wannan a kwano ne da jikin ɓeraye. Jikin mutum wata magana ce, har yanzu tambaya ake yi, kuma mai saƙon salula ya tsallake duk wannan.

Ni dai "akwai abu a cikinsa" na riƙe. Na ciro ƙunshina na ajiye gabanta. Ta murza garin a yatsa ta sansana.

"Ina kuka shanya shi?"

"Bisa kwanon rumfa, yini biyu a rana."

"Man da ke cikinsa ya bi rana, Baba. Saura ƙaiƙayin hanci." Ta buɗe takardun nan biyu na gonar Terna, ta nuna igiyar da na fere, ta nuna farin. "Mai yawa daga abin da nake nema a cikin farin nan yake. Shi kuma ku a jikin lemu kuke barinsa."

Na dubi farin. Wanda masu saye ke jefarwa a kwata, wanda nake sharewa kowace yamma in zuba wa awaki. Gwanintar da nake taƙama da ita, ta fere siriri kada in taɓa fari, ita ce ke raba garina da abin da ake nema. Amma zuciyar ɗan Adam ba ta rasa ƙofa. Na ce, "Ke nan da na haɗa da farin, da Lawali..."

"A'a."

Wannan karon ta dube ni ido cikin ido.

"Ko da kun ba shi abin da ke cikin kwalbar nan, a'a. Sanƙarau ƙwayar cuta ce da ke shiga rigar ƙwaƙwalwa, tana gudu fiye da masu tsaro. Allura take so, a ranar farko. Ba abin da ke cikin lemu da zai tsaya mata."

Ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Kun tuna wa ke hura wutar? Ni ce. Shekarata tara. Kun ce kada a bari ya tafasa sau biyu, ni kuma ranar farko na tafi ɗebo ruwa ya tafasa ya ƙafe, na ƙara ruwa ban faɗa wa kowa ba. Har na yi aure ina zaton ni na ɓata maganin. Shi ya kawo ni ɗakin nan. Ina so in san abin da muka ba shi."

Ban san ta ɗauki wannan kaya ba. Duk shekarun nan ina lissafin mutum ɗaya na cuta. Na ce mata, "Ɗiyata, ba ke ba ce. Ni ne. Ni na hana a tafi." Wannan ne karo na farko da maganar ta fita daga bakina, a gaban yarinyar da aka haifa a hannuna, ina sanye da rigar aro. Ta juya ta yi kamar tana gyara kwalabe. Daga baya ta rubuta wani abu a jikin ƙunshina ta sa a kabad, ta ce zai yi mata amfani wajen nuna wa ɗalibai.

Na dawo tare da Na-Allah, mota cike da lemu har sama, ƙamshinsa na bin mu ƙasa biyu. Ku matan da ke jiran gari, ba zan daka ba. Ku ba yara lemu su sha, su ci har farin in sun iya, abinci ne mai kyau. Amma in jiki ya yi zafi wuya ya ƙage, kada ku tsaya neman shawarar kowa, ko wanda ya girme ku, ku kama hanyar likita a ranar.

Saura abin da ban faɗa wa kowa ba. Daga Maradi ban yi gabas zuwa Agiye ba, motar Cadakori na shiga. Lawali yanzu magidanci ne, tela ne, yana da rumfa a bakin kasuwa. Na tarar da Mahaman zaune wurinsa bisa buhu. Ya ce, "Yaya, lafiya?" Na ce magana na kawo. Aka kira Tsahara matar Lawali, don ita ta fi iya yi masa magana da hannu.

Na faɗi komai a tsaye. Na ce uban yaron ya yi niyyar daidai na hana shi, na ce garina bai taɓa zama maganin ciwon nan ba, na ce na ɓuya bayan ƙaddara sama da shekara ashirin. Tsahara tana juya maganar da hannuwanta. Lawali ya tsayar da keke. Mahaman ya sunkuyar da kai, yana tsinke wani zare a bakin buhun.

Lawali bai cika magana ba, don muryar tana fita ba yadda yake so ba. Sai ya buɗe baki ya ce, da ƙarfi fiye da yadda ya sani, "Shanye. Shanye duka."

Na dubi Tsahara. Ta yi masa tambaya da hannu, ya amsa, ta yi jinkiri kafin ta faɗa.

"Baba, ya ce ita ce magana ta ƙarshe da ya ji a duniya. Muryarku ce."

Na durƙusa a gaban keken, cikin ƙyallayen da ya yanke. Na ce ya yafe mini. Ya dubi bakina, ya girgiza kai, na ɗauka ƙi ya yi. Sai ya sauko daga kujera ya tsuguna, ya ɗora yatsunsa biyu a maƙogwarona, ya yi mini alama da ɗayan hannun in sake faɗa.

Na sake. Ya rufe ido, bai ɗauke yatsun ba sai da na kai ƙarshe.